Wankan Jego da Ruwan Jirgi

Yaran yanzu idan ka ce musu tasha, wurin motoci suke nufi, inda 'yan kamasho ke ɗaga murya suna kiran Kano, Kano, saura mutum ɗaya, alhali babu kowa a motar sai direba. Mu a zamaninmu tasha ɗaya ce, ta jirgin ƙasa, kuma ba a yi mata ƙarin bayani. Tana nan har yau a bakin garin nan, kan tudu, inda yashi ya rabu da laka ta fadama. In ka bi ta wajen a adaidaita sahu za ka ga ginin, iska ta yaye rabin kwanonsa, awaki na kwance a inda ake sayar da tikiti, ga tankin ruwa can sama a kan ƙafafunsa na ƙarfe, tsatsa ta cinye shi ya yi ja wur. Layin dogon ma a wasu wuraren sai ka tona da ƙafa kafin ka gan shi. An sha cewa jirgi zai dawo. Ya ma taɓa dawowa, aka shafa fenti, manya suka zo suka yi jawabi, ya yi 'yar zirga-zirgarsa ya sake ɓacewa. Ni dai na daina sa rai, gwiwoyina ma ba za su hau matakalar tarago ba yanzu.

Kakana na wajen uwa yana cikin waɗanda aka ɗiba aikin shimfiɗa dogon, lokacin da babu komai a wurin sai kuka ɗaya da 'yan bukkokin Fulani. Ya ce da kwando suka riƙa jidar ƙasa a ka daga fitowar rana har faɗuwarta, ba wanda ya tambaye su ko suna so. Shi ya gaya mana dalilin da ya sa jirgi bai shiga Haɗeja ba. Wai Bature ya zo ya dubi fadamar nan, ya ga yadda ruwa ke kwanciya a kanta duk damina, sai ya ja layinsa ta tudu ya miƙe Nguru. Saboda haka duk abin da fadama ta bayar sai ya hau jaki ko raƙumi ya zo nan. Garin nan da kuke gani, da kasuwarsa da masallacin Juma'arsa, jirgi ne ya haife shi. Masu awon gyaɗa suka fara kafa kantuna, sai 'yan dako, sai masu abinci, sai ma'aikatan jirgi da aka gina wa gidaje a jere, yawancinsu mutanen kudu, matansu na soya wani abu da manja, mu yara mu tsaya daga nesa muna shaƙar ƙanshi.

Jirgin fasinja yakan taso daga Kano ya wuce mu ya kwana Nguru, washegari ya juyo. Na kaya kuwa ba shi da rana, sai dai ka ji shi. Kafin kowanne ya iso, mai kula da tasha zai fito da farar rigarsa ya sa a buga wani guntun ƙarfen dogo da aka rataye a reshen darbejiya, kuma daga wannan bugun gari ya rikice ke nan. Masu fura da nono su ɗauki ƙorai, masu dafaffen ƙwai da goriba da rake su ruga, 'yan dako su fara jan kwandunan banda, kifin da aka ƙyafe a Guri da ƙauyukanmu, wanda warinsa ke riga shi shiga tarago. Daga Nguru ake zuwa da shanu da fatu da kanwa. Daga Kano ake zuwa da atamfa da goro da gishiri da kananzir da labarin duniya. Kan jirgin baƙi ne ƙirin, yana cin kwal yana shan ruwa, in ya tsaya ƙarƙashin tanki sai ka ji yana huci kamar sa da aka yi huɗa da shi wuni guda. Wanda bai taɓa jin wannan hucin ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Na ji jikokina suna kunna kukan jirgi a waya, na ce musu wannan kukan sauro ne.

Ƙauyenmu yana can cikin fadama, tafiyar hantsi daga tasha, amma idan iska ta daidaita mukan ji usur ɗinsa muna surfe. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, takan dakata da taɓarya ta saurara, ta ce yau ya makara, ko yau ya yi sammako, kamar wani ɗanta ne da ta aika. Ba ta taɓa hawansa ba har ta koma ga Allah. Mace ce gajera mai kaifin baki, ta yi takaba tun muna ƙanana, ta riƙe mu mu biyu, ni da Yaya, da ƙyafe kifi da saƙar kaba. Ba ta iya lallashi ba. In ta so ka, da aiki za ta nuna maka, tana yi tana faɗa.

Yaya ta riga ni aure, kuma da cikin fari ya tsufa aka kawo ta gida goyon ciki kamar yadda ake yi. Ta sauka lafiya. Inna kuwa ta ɗauki wankan jegon nan kamar jihadi. A lokacin abin da kowa ya sani shi ne, jikin mai jego ɗanye ne, kuma babban abokin gabarsa sanyi. In ya shige ta, shi ke nan. Saboda haka safe da yamma za a tafasa ruwa a ƙatuwar tukunya, a tsoma ganyen darbejiya ko runhu a riƙa fyaɗa mata, ta koma kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, a bi ta da kunun kanwa mai kauri, haka har arba'in. Ni nake jido itace, ni nake jin ihun Yaya daga bayan zana. Ana cikin haka wata safiya zazzaɓi ya kayar da Inna, ta kasa ɗaga kai, ni kuma ba zan iya tukunyar ba, ranar ba a yi wankan safe ba. Bayan 'yan kwanaki ƙafafun Yaya suka fara kumbura, in ta kwanta numfashi ya gagara, sai a zaune take barci. Tsofaffi suka zo suka duba suka ce sanyi ne ya shige ta. Inna ta ƙara wuta, ta ƙara kanwa, ta ƙara wanka na tsakar rana. Yaya ba ta ga arba'in ba. Jaririn ma ya bi ta ba da daɗewa ba. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba, amma tun daga ranar, in tana aiki ita kaɗai, sai in ji ta ce, "Safiya ɗaya. Safiya ɗaya tak."

To ka ga da nawa cikin ya zo, aka dawo da ni gida, ba sai an gaya maka halin da Inna ke ciki ba. Tun rani take tara itace, ta cika rumfa har sama, ba wanda ya isa ya zari ko tsinke. Ta sayi kanwa dunƙule guda mai kyau ta ƙulle a tsumma ta ajiye a ƙasan gado. Ta gina sabon gadon ƙasa da hannunta. Kullum in ta dube ni sai ta ce, "Ke kam ko ina shure-shuren mutuwa sai na yi miki wanka." Ina dariya, amma a raina tsoro biyu nake ji, na sanyin da ya kashe Yaya, da na ruwan da ya sa ta ihu.

Sai Allah ya kawo daminar da kogi ya yi fushi. Mu mutanen fadama mun saba da ruwa, yakan zo ya gaida bakin gari ya koma, ya bar mana kifi da dausayin shinkafa. Wannan karon bai tsaya gaisuwa ba. Muka wayi gari yana tsakar gida, kafin azahar ya kai gwiwa, katangu suka fara zama ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye ina kallo itacen Inna ya tashi daga rumfa ya bi ruwa a jere, kamar ya san inda za shi. Da Inna ta laluba ƙasan gado, tsumman kawai ta ciro, kanwar ta narke. Kawuna ya zo da kwalekwale ya ce mutum da abin hannu kawai. Inna ta ce ba ta shiga sai da turminta, na uwarta ne, da shi aka kai ta ɗakin miji. Suka yi ta sa-in-sa ruwa na hawa, har ya gaji ya ɗora shi da taɓaryarsa, na zauna a kai da ƙaton cikina. Maigidana yana can ƙetaren kogi, ba hanya tsakaninmu.

Tudu mafi kusa shi ne tasha. Mai kula da ita ya buɗe wa mata da yara babban siton gyaɗa, tunda kaka ba ta yi ba, babu komai a ciki sai tsofaffin buhuna da ɓeraye. Maza suka yi bukkoki a waje. A nan cikin siton, bayan zanen da mata suka kewaye ni da shi, na haifi 'yar fari, wadda har yau da furfurarta ban taɓa kiran sunanta ba. Ana ta barka, Inna kuwa ba ta ma tsaya duban jaririyar sosai ba, ta ɗaura ɗamara ta fita neman itace. Babu. Garin ya cika da baƙi, kowa na son ya dafa abin da zai ci, ruwan sama kuma bai ɗauke ba, duk karan da ka taɓa jiƙaƙƙe ne. Abin da ta samo bai wuce ya dafa kunu ba. Kwal ɗin jirgi kuwa yana cikin shinge da mai gadi, kuma Inna ba mai miƙa hannu cikin shingen wani ba ce.

Abin da ya faru daga nan ban gani da idona ba, ina kwance, amma Inna ta faɗa mini, matan sito ma sun maimaita shi har ya zama labari. Tana dawowa da 'yan ƙirarenta jirgin Kano ya shigo, ya tsaya ƙarƙashin tanki shan ruwa. Sai ta ga mai zuba kwal ya murɗa wani abu, ruwa da tururi suka feso daga ƙasan kan jirgin suka kwanta a tsakuwa suna tafasa. Ta tsaya. Ta matsa ta sa yatsa a kwatar, ta cire da sauri. Mai zuba kwal ɗin wani Banufe ne, yana jin Hausa, ya leƙo ya daka mata tsawa.

"Iya, ja da baya, zai saɓule miki fata."

"Shi nake nema," in ji Inna. "Ɗan nan, ruwan nan na zubarwa ne?"

"Na zubarwa ne, amma ba a sha. Datti ne."

"Wa ya ce maka sha zan yi? Mai jego gare ni a siton can, tun safe ta sauka, ko ɗigon ruwan zafi bai taɓa jikinta ba. Na riga na binne ɗaya. Wannan ita ta rage mini."

Direban yana zaune a sama yana goge hannu da tsumma, wani ƙaton mutumin kudu mai tabo a goshi. Ya tambayi Banufen abin da tsohuwar ke cewa. Da aka gaya masa sai ya yi wata doguwar magana da Turanci. Banufen ya juyo ya ce, "Iya, ya ce a garinsu ma haka ake yi, uwar mace ce ke zuwa ta gasa mata jiki da ruwan zafi. Ya ce tasa matar tana can da tsohon ciki, bai san ko ta sauka ba." Direban da kansa ya leƙo, ya haɗa 'yar Hausarsa ya ce, "Mama, kawo tukunya. Maza."

Tulu ta fara kawowa, ruwan na taɓa shi ya tsage gida biyu. Wata mai tuwo a tasha ta ara mata garwa biyu da sandar ɗauka. Da haka aka yi mini wankan farko, da ruwan cikin jirgi, a bayan siton gyaɗa, ruwan sama na yayyafi a kan zanen da aka kare ni da shi.

Daga ranar Inna ta zama ma'aikaciyar jirgi ba albashi. Da an buga ƙarfen nan ita ce ta farko a gindin tanki, da garwaninta, ta riga masu fura, ta riga fasinja. Direban nan shi ke kai jirgin Nguru ya dawo da shi, in kuma na kaya ne ya zo da wani direba, to an riga an gaya masa, domin magana ta bi dogo har Kano cewa akwai wata tsohuwa mai garwa. Sai dai abin bai taɓa yi wa Inna yadda take so ba. Wanka sau ɗaya ne a yini, ba na safe ba na yamma, sai lokacin da jirgi ya ga dama. Ruwan yana warin ƙarfe da mai, da baƙin gari-gari a ciki, dole ta tace shi da zane. Tsakanin tanki da sito kuma tafiya ce, ga tsantsi, ga ta gajera, garwa na bugun ƙasa. Kafin ta iso ta tace, ruwan ya huce, ya zama mai zafi dai amma ba mai ƙona fata ba. Ta sa gwiwar hannu ta ja tsaki.

"Wannan ai wankan 'yan gayu ne. Ko kaza ba za a fige da shi ba."

"Inna, wallahi da zafi."

"Rufe mini baki. Ke me kika sani? Da yana da zafi da mutanen Nguru sun ji ihunki."

Ni kuwa a raina godiya nake yi, Allah ya yafe mini. Babu gadon wuta, a kan buhuna nake kwana. Babu kunun kanwa, sai ɗan ƙanƙanen gutsure da wata mata daga ƙasar Manga, inda ake samo kanwa, ta ba ta, wanda ta riƙa kankarewa kamar zinariya har ya ƙare. Kowace safiya kafin ta yi mini magana sai ta yaye zane ta danna ƙafata da babban yatsa, ta tsaya tana kallon wurin ko zai lotsa. Ba ta taɓa gaya mini abin da take dubawa ba, ni ma ban taɓa tambaya ba, mu duka mun sani.

Sai ranar da ba a buga ƙarfe ba. Hantsi ya yi, azahar ta yi, Inna na tsugune a gindin tanki da garwa biyu. Can mai kula da tasha ya tausaya ya zo ya gaya mata cewa ruwa ya cinye ƙasar ƙarƙashin dogo ta wajen Kano, an tura leburori, ba a san ranar gamawa ba. Ta dawo sito. Na ga fuskarta, irin wadda na gani ranar da aka fita da Yaya. Ta tsaya tsakiyar siton tana dube-dube, sannan ta je ta ari gatari wajen wani mahauci, ta mirgino turmin nan waje. Kawuna ya riƙe hannunta.

"Haba 'yar'uwa, turmin mahaifiyarmu ne fa. Saboda shi kika kusa nutsar da mu."

"Ai shi ya sa na ɗauko shi," ta ce. Ƙarya take yi, amma ba wanda ya musa mata.

Icen ƙirya ne, ya bushe shekara da shekaru, ya ci wuta a hankali. Shi ya yi mana ranar da washegari. Da ya ƙare ta sa taɓaryar, ta sa akushinta. Daga nan ban san wanda ya fara ba, amma sai ga matan sito suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ajiye abu a gindin murhu. Wannan ta kawo karyayyar kujera, wannan muciya, wannan ƙyauren kara da ta tsira da shi. Wani tsohon masunci da ba mu ma sani ba ya aiko da rabin filafilin da yake tuƙa kwalekwale da shi. Mutanen da ruwa ya raba da komai ne fa. In na tuna wannan har yanzu sai hawaye ya zo mini, kuma ban jin kunyar faɗa.

Ranar da jirgi ya dawo tun daga nesa muka san wane direba ne, domin ya saki usur bai ɗauke hannu ba har ya shigo tasha. Inna ta ce ko tsayawa bai gama yi ba ya leƙo yana neman ta da ido.

"Mama, yaya yarinya?"

"Tana nan da ranta."

"Ƙafa?"

"Ba kumburi."

Ya ɗaga hannu biyu sama. Banufen ya ce ai tun daga Kano yake damunsa da zancen, ya kuma gaya mata cewa an aiko wa direban matarsa ta sauka, namiji. Inna ta ce a gaya masa ya aika gida kada su yi wasa da ruwan zafi.

Da na yi arba'in ruwa ya janye, mutane sun fara komawa suna tada katangu. Inna ta sa na yi kwalliya da abin da ya samu, na goya yarinya, muka je gindin tanki. Ranar na fara ganin direban. Ta miƙa masa bandar kifi mafi girma da ta iya samu, ya karɓa da hannu biyu, ya dubi goyona ya yi dariya ya ce wani abu da yarensu. Ban sake ganinsa ba. Bayan 'yan shekaru ƙasa ta rikice, mutanen kudu suka kwashe suka tafi, gidajen nan na jere suka zama kango, ba mu san ko ya isa gida ba. Daga baya aka kawo sabon kan jirgi mai shan mai, ba hayaƙi ba tururi. Inna ta je takanas ta zagaya shi ta dawo ta ce, "Wannan ba shi da amfani, ko ruwan zafi babu." Sannan aka yi kwalta, motoci suka kwashe fasinja, gyaɗa ta ja baya, jirgi ya koma zuwa jefi-jefi, har aka wayi gari ba wanda ya tuna ranar da ya zo na ƙarshe.

Inna ta rayu ta ga jikoki, amma ba ta taɓa yarda cewa ta yi mini jego cikakke ba. Rabin jego take kiransa. Ko tari na yi sai ta ce sanyin tasha ne. Sauran haihuwata a gidan miji na yi, kuma uwar mijina mace ce mai tsumulmular itace, Inna ta yi ta cizon yatsa a kan haka. Maganar Yaya kuwa ba ta bar bakinta ba. Duk Juma'a sai ta yi mata sadakar waina. A ciwon ajalinta, ina riƙe da kanta ina ba ta ruwa, ta dube ni ta ce, "Kina ganin za ta yafe mini safiyar nan?" Na ce ta riga ta yafe. Ta girgiza kai.

Bara jikata ta haihu a asibiti a Haɗeja. Na sa aka kai ni, na tafi da ganyen darbejiya a leda da dunƙulen kanwa a bakin zane, don na san iyayen yanzu ba abin da suka iya sai shayi. Wata ma'aikaciyar jinya, yarinya mai fara'a, ta hango kayana.

"Kaka, wannan fa?"

"Na mai jego ne. Ko shi ma sai da takardar likita?"

Ta yi dariya ta ce ruwa mai ɗumi ya isa, kanwa kuma a bar ta. Raina ya ɓaci. Na ce ke da aka haifa shekaranjiya za ki koya mini jego? Na zaunar da ita na ba ta labarin Yaya don ta san sanyi ba abin wasa ba ne, yadda aka tsallake wanka ɗaya, ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara, barci sai a zaune. Ina cikin faɗa na ga fara'ar ta bar fuskarta. Ta jawo kujera kusa da ni.

"Kaka, da ta fara kumbura, me aka yi mata?"

"Me za a yi? Aka ƙara wuta, aka ƙara kanwa."

Ta riƙe hannuna. Ta ce ba za ta iya rantsuwa a kan abin da ba ta gani ba, kuma mata da yawa sun yi irin wannan jegon sun tashi lafiya. Amma abin da na kwatanta, sun san shi, suna ganinsa har yanzu daga ƙauyuka. Zuciya ce ke gazawa bayan haihuwa, kuma tsananin zafi da yawan kanwa nauyi suke ƙara mata.

Na ce, "To safiyar da aka tsallake fa?"

"Ba ita ba ce, Kaka," ta ce a hankali. "Wataƙila ma ranar ce kaɗai ta huta."

Rai na Allah ne, kuma Yaya kwananta ne ya ƙare, wannan na sani tun kafin a haifi ma'aikaciyar nan. Amma na dawo gida na kwana biyu abinci bai shiga ba. Ni da Yaya ciki ɗaya muka fito, hannu ɗaya ya yi mana wanka, da so iri ɗaya. Ita ta samu cikakke. Ni ruwa ya kwashe itacena, ya narkar da kanwata, ya bar ni da abin da gajeriyar tsohuwa za ta iya ɗaukowa daga gindin tanki zuwa sito kafin ya huce, ga ni har da tattaɓa-kunne.

Da ana aika saƙo inda Inna take, da na aika mata rabin maganar yarinyar nan, in ce Inna kwantar da hankalinki, safiyar nan ba ita ba ce. Sai dai na san halinta. Ba za ta karɓi rabi ba, sai ta ce to mece ce. Shi ya sa in na idar da salla na yi musu addu'a su biyun, nakan ƙara da gode wa Allah da ya ɗauke ta ba ta ji ba.